Yadda ake ɗibar ruwan tafki da na rijiya don gano ko ƙwayar kwalarar da ke ciki mai dafi ce

Duk damina, da zarar amai da gudawa ya ɓulla a wani ƙauye a Kano ko Jigawa, kududdufin bayan gari ko rijiyar unguwa ake fara nunawa da yatsa. Sai a ɗebi ruwa a robar lemo a aika Kano ko Dutse, bayan kwanaki takarda ta dawo tana cewa an samu Vibrio cholerae, wato ƙwayar da ke kawo kwalara, ko ba a samu ba. Kowace daga cikin amsoshin nan biyu na iya ɓatar da mutane. Ta farko kan sa a rufe rijiyar da ba ta da laifi, mata su koma ɗibar ruwan da ya fi ta muni. Ta biyu kan sa a saki jiki da ruwan da ke kashe mutane. Wannan bayani na duba-gari ne, da jami'an sa ido kan cututtuka na ƙananan hukumomi, da ɗaliban da ke bincike kan ruwa, domin samfurin da za su aika ya amsa tambayar da ta dace.

Ƙwayar Vibrio cholerae 'yar ruwa ce. Tana zaune a koguna da tafkuna ko da babu mai ciwo a kusa, tana maƙale a jikin gansakuka, da saiwar tsiron ruwa, da ɓawon ƙananan halittun ruwa dangin jatan lande waɗanda ido bai cika gani ba. Tana da rukuni fiye da 200, amma biyu kaɗai aka sani da haddasa annoba: O1 da O139. Shi O139 a 1992 ya bayyana a Indiya da Bangladesh, kuma a Asiya ya tsaya. Wanda ke damun mu shi ne O1, nau'in El Tor, wanda annobarsa ta tashi daga Indonesiya a 1961, ta shigo Afirka ta Yamma a 1970. Shi ne ya sake tashi a Nijeriya a 2021, shekarar da aka ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu, Bauchi da Jigawa da Kano na kan gaba.

Abin da ke raba mai annoba da sauran 'yan'uwanta shi ne dafi. Dafin kwalara yana da ɓangare ɗaya da ake kira A da ɓangarori biyar da ake kira B. Su B ke kama bangon ƙaramin hanji, shi kuma A ya shiga ciki ya sa hanjin ya yi ta tsiyayar da gishiri da ruwa, har gudawar ta koma kamar ruwan wankin shinkafa. Umarnin ƙera wannan dafi na rubuce a ƙwayoyin gado biyu, ctxA da ctxB, kuma ba kowace Vibrio ce ke da su ba. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka nuna cewa wani bairos mai kama bakteriya, wanda ake kira CTX, shi ke ɗauke da su yana dasawa a jikin ƙwayar. Bairos ɗin ba ya iya shiga sai ta wani siririn gashi da ke jikin ƙwayar, mai suna TCP, wanda ƙwayar gadon tcpA ke ginawa, kuma da gashin nan ne ƙwayar ke kafa kanta a hanjin ɗan Adam. Saboda haka tambayar da za a yi wa ɗakin gwaji guda uku ce a haɗe: O1 ce? Tana da ctxA? Tana da tcpA? Mafi yawan Vibrio da ake samu a ruwan daji ba su da ko ɗaya. Wasunsu kan jawo 'yar gudawa ko su ɓata miki, amma ba sa tayar da annoba.

Inda za a ɗiba

Kada a fara da ruwa, a fara da masu ciwo. A zauna da mai unguwa da ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi a rubuta gidajen da aka kwanta, a tambayi kowane gida inda suka sha ruwa a cikin kwana biyar kafin ciwon ya fara, domin cutar kan ɗauki daga awa 12 zuwa kwana 5 kafin ta bayyana. A tambayi har ruwan gona, da na kasuwa, da na wurin biki ko zaman makoki. Manomin da ke da famfon tuƙa-tuƙa a ƙofar gida yakan wuni a gonar shinkafa a Kura ko Auyo yana shan ruwan kwatar ban-ruwa, kuma ba zai faɗa ba sai an tambaye shi kai tsaye. Wuraren da suka fi maimaituwa a bakin mutane su za a ɗiba.

A kowane wuri a ɗebi daga daidai inda mutane ke ɗiba. A tafki, mashigar da mata ke tsayawa da bokiti, ba tsakiyar ruwa ba. A kogi kamar na Haɗejiya, wuri ɗaya sama da gari, ɗaya a mashaya, ɗaya ƙasa da inda kwatar gari ke zuba. A haɗa da jarkar ɗan garuwa da randar gidan da aka yi ciwo. Sau da yawa rijiya kan fito lafiya lau, randa ce ke da matsala, saboda moɗar da kowa ke tsomawa da hannu.

Kayan aiki da ɗiba

Ana buƙatar kwalabe masu faɗin baki na lita ɗaya, na gilashi ko robar da ke jure zafi, waɗanda ɗakin gwaji ya dafa a tukunyar matsi a zafi 121 a ma'aunin Salshiyas na minti 15. Robar lemo da aka ɗauraye ba ta yi ba: ragowar zaƙi da tsami na canza abin da ke cikin ruwan, kuma Vibrio ba ta jure tsami. Sai safar hannu, igiya sabuwa, alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, kula mai riƙe sanyi, ma'aunin kulorin da ƙwayoyin DPD1 da ake jefawa a ruwa su canza launi gwargwadon kulorin da ke ciki, takardar auna tsami, da bututun auna gurɓacewar ruwa, wato yadda laka ta dagula shi. Idan akwai yiwuwar an zuba wa ruwan kulorin, a sa mililita 1 na ruwan sodiyom tayosalfet mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari a kowace kwalbar lita ɗaya tun kafin a dafa ta. In ba haka ba kulorin zai ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya, sakamako ya fito fes alhali ruwan da mutane suka sha ba haka yake ba.

A tafki ko kogi, a riƙe kwalba ta gindi, a nutsa ta baki ƙasa kamar santimita 30, sannan a juya bakin ya fuskanci inda ruwa ke tahowa. Kada a taka laka a tayar da ita sannan a ɗiba a wurin. A bar ɗan fili kamar yatsa biyu a saman kwalbar domin a iya girgizawa a ɗakin gwaji. Murfin yana hannu, cikinsa na kallon ƙasa, ba a ajiye shi a kan ciyawa. Lita ɗaya ce mafi ƙaranci. In ruwan garau ne a ƙara, don ƙwayar a warwatse take kuma ba ta da yawa. A wata kwalba dabam a sa dunƙulen gansakuka ko saiwar kainuwa ko ta kachala tare da ɗan ruwan wurin. Nan ne ƙwayar ta fi taruwa, kuma nan aka fi mantawa.

A rijiya samfuri biyu ake ɗauka. Na farko da kwalba mai tsabta da aka ɗaura wa nauyi, a zura ta a hankali ba tare da ta gogi bango ba: wannan shi ke nuna halin ruwan rijiyar kansa. Na biyu da gugar da jama'a ke amfani da ita. Idan na guga ya fito da ƙazanta na kwalba bai fito ba, an gano bakin zaren, wato igiya da gugar da ake yar wa a ƙasa inda dabbobi ke takawa. A tuƙa-tuƙa ma haka: a tari ruwan farko yadda mutane ke tara, sannan a goge bakin famfon da ruwan kulorin, a buga na wasu mintuna, a sake tara. A randa kuwa da moɗar gidan za a ɗiba a zuba a kwalba.

Ruwa mai gudu yana da wata matsala. Ƙwayar na wucewa ne jefi-jefi, kwalba ɗaya da aka tsoma da hantsi na iya kuskure ta. Maganin wannan shi ne tsumman Moore. A yanki yadin bandeji mai faɗin santimita 15 da tsawon kamar mita ɗaya, a ninke shi ya zama curi, a ɗaure tsakiyarsa da zare mai ƙarfi, a naɗe a takarda a dafa shi a tukunyar matsi. A ɗaure shi a turke ya nutse cikin ruwan kwata ko magudana na awa 24 zuwa 48, ruwa na ratsa shi yana barin abin da ya ɗauko. A sanar da mai unguwa da masunta, in ba haka ba yara za su cire shi kafin gari ya waye. Da an ɗago shi, a jefa shi kai tsaye a kwalba mai faɗin baki, tare da ruwan da ke ɗiga daga jikinsa. A kwatar da ke fitowa daga unguwa wannan tsumma ya fi kowace kwalba amfani, domin mafi yawan waɗanda suka kamu ba sa nuna alama, amma suna fitar da ƙwayar a bayan gida na kwanaki.

A jikin kowace kwalba a rubuta lamba, ƙauye, mazaɓa, irin ruwan, rana da lokaci. A takarda dabam a rubuta kulorin da aka auna, tsami, gurɓacewa, ko an yi ruwan sama a daren jiya, da nisan masai mafi kusa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce mita 30 tsakanin masai da rijiya. A tafi da kwalba ɗaya ta ruwan da aka dafa tun daga ɗakin gwaji, a buɗe ta a filin aiki a rufe, ta dawo tare da sauran. Idan ita ma ta nuna ƙwaya, hannun ma'aikata ne ya ɓata aikin, sai a sake daga farko.

Jigila

A nan aiki ya fi lalacewa. An saba da cewa samfurin ruwa sai a ƙanƙara, kuma ga gwajin E. coli, wato bakteriyar hanji da ke nuna kashi ya shiga ruwa, haka ne. Vibrio dabam take. Sanyi mai tsanani na sa ta shiga wani hali da Rita Colwell da abokan aikinta suka bayyana a farkon shekarun 1980: tana raye amma ba za ta tsiro a farantin da ake renon ƙwayoyi a ɗakin gwaji ba. Zafin but ɗin mota a rana kuma na sa sauran bakteriya su yi yawa su danne ta. Abin da ake so shi ne sanyi-sanyi, kamar 10 zuwa 15 a ma'aunin Salshiyas. A sa robobin ƙanƙara a gindin kula, a shimfiɗa kwali ko tawul a kai, sannan kwalabe, kada su taɓa ƙanƙarar. Firiza haramun ce. Samfuri ya isa ɗakin gwaji a ranar, in ya yi tsanani kada ya wuce awa 24. Saboda haka a kira ɗakin gwajin tun kafin a fita, a tabbatar suna da kayan aiki da wuta da wanda zai karɓa, kuma kada a ɗiba ranar Juma'a da yamma.

Abin da za a nema daga ɗakin gwaji

Hanyar da aka sani ita ce a tace ruwan ta matacin da ramukansa ba su wuce maikiron 0.45 ba, a sa matacin a romon APW, wato ruwan fefton mai kanwa-kanwa, wanda ke ba Vibrio dama ta riga sauran girma, na awa 6 zuwa 8. Daga nan a shafa a farantin TCBS mai launin kore, inda Vibrio cholerae ke fitowa ɗigo-ɗigo rawaya washegari. Idan romon ya kwana ba a shafa ba, sauran ƙwayoyi sun cim mata. Kuma rawayar ɗigo ba hujja ba ce, domin Aeromonas da wasu dangin Vibrio da ke cike a ruwan tafki su ma kan fito rawaya. Rahoton da ya tsaya a nan ya ce an samu kwalara bai gama aikinsa ba. Dole a ware ɗigon, a yi gwajin oksides da ke taimakawa wajen tantance irin ƙwayar, a gwada shi da ruwan gwajin O1, sannan a yi PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayoyin gado.

A takardar neman gwaji a rubuta ƙwayoyin gadon da ake so a duba da sunansu: ompW, wadda ke tabbatar da cewa Vibrio cholerae ce, alamar O1 da ta O139, ctxA, da tcpA. Ba kowane ɗakin gwaji ke da wannan ba. Jami'in sa ido na ƙaramar hukuma shi ke bi ta hannun jami'in annoba na jiha, a tura abin da aka ware zuwa babban ɗakin gwajin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, da ke Gaduwa a Abuja, ko wani da ke cikin jerin nata. Duk wannan aikin ɗakin gwaji ne mai kayan kariya. Ba a buɗe romo ko faranti a asibitin ƙauye.

Karanta sakamako

Idan ompW ta fito amma babu O1 babu ctxA, an samu 'yar gida ce ta ruwa. Ba ita ta kawo annobar ba, sai a ci gaba da nema. Idan O1 ta fito ba tare da ctxA ba, wannan ma yana faruwa, kuma irin ta ba ta tayar da annoba, amma a adana ta a aika gaba. Idan O1 da ctxA da tcpA duk sun fito daga ɗigo guda da aka ware, wannan ita ce mai annoba, a sanar a take.

Akwai sakamako na tsaka-tsaki da ke buƙatar natsuwa. Sau da yawa ana yin PCR kai tsaye a kan romo, ba a kan ɗigon da aka ware ba, don ya fi sauri kuma yana kama ƙwayoyin da suka ƙi tsirowa. Amma romo taro ne na ƙwayoyi iri-iri. Alamar O1 na iya zuwa daga wata ƙwaya, ctxA daga wata, ko daga bairos ɗin CTX da ke yawo shi kaɗai, ko daga Vibrio mimicus wadda ita ma wani lokaci kan ɗauki dafin. PCR da aka yi a kan abin da aka tace kuma ba ta bambanta mai rai da matacciya, don haka ruwan da aka riga aka sa wa kulorin na iya nuna ctxA. Ta fuskar kare jama'a, a ɗauki irin wannan ruwa a matsayin mai haɗari. Ta fuskar rubuta rahoto, a rubuta daidai abin da aka gani: an ga ctxA a romo, ba a ware ƙwayar ba.

Ɗalibai su kula da ƙwayoyin gadon toxR da hlyA. Kusan kowace Vibrio cholerae na da su, mai dafi da marar dafi. Rubuta cewa an samu ƙwayoyin gadon cuta a yawancin samfura, alhali waɗannan biyun ake nufi, tayar da hankali ne ba bisa hujja ba.

Sakamakon da ya fi yaudara shi ne wanda bai nuna komai ba. Ruwan kududdufi mai ruɓaɓɓen ganye da laka na ɗauke da abubuwan da ke toshe PCR, shi ya sa dole ɗakin gwaji ya sa ma'aunin cikin gida, wato wata sananniyar alama da dole ta fito in gwajin ya yi aiki, a kowane bututu. In shi ma bai fito ba, gwajin ne bai yi ba. Ko komai ya tafi daidai, lita ɗaya daga tafki guda a rana guda ba ta wanke tafkin. Mai dafin takan shigo ruwa ne daga bayan gidan masu ciwo, ta yi kwanaki ta ragu, kuma galibi kafin ma'aikata su iso ta wuce. Binciken jerin ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa annobobin Afirka tun 1970 sun samo asali ne daga shigowar ƙwayar daga Asiya aƙalla sau 11, tana bin tafiye-tafiyen mutane. Shi ya sa bayan gidan mai ciwo, wanda aka ɗauka a bututun Cary-Blair mai riƙe ƙwayar da rai a hanya kafin a ba shi maganin kashe ƙwayoyi, shi ke tabbatar da annoba. Gwajin ruwa na nuna hanyar da take bi ne. A lokacin annoba, auna kulorin da gwajin E. coli sun fi saurin ba da amsa: ruwan sha bai kamata ya nuna E. coli ko ɗaya a mililita 100 ba, kuma in ya nuna, kashi na shiga ruwan, ko an ga ctxA ko ba a gani ba.

Kafin sakamako ya dawo

Ba a jiran takarda. Ranar da aka ɗebi samfuri, ranar ake fara sa kulorin. Zuba hoda a rijiya buɗaɗɗiya ba ya daɗewa, sabon ruwa na shigowa, guga na sake ɓatawa. Abin da ke aiki shi ne a zaunar da mutum a bakin rijiya da sirinji yana sa wa kowace jarka. A narka giram 15 na hodar kulorin ta HTH mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 a lita ɗaya ta ruwa, a robar da haske ba ya ratsawa, a bari garin ya kwanta. Wannan shi ne ruwan kashi 1 cikin ɗari. A cika jarkoki huɗu na lita 20 da ruwan rijiyar, a sa mililita 2, 3, 4 da 5, a girgiza, a jira minti 30, a auna da DPD1. Jarkar da ta bar ragowar miligiram 0.5 zuwa 1 a lita, adadinta za a riƙa sa wa kowa. A sake wannan awon bayan kowane ruwan sama mai ƙarfi, domin buƙatar ruwan na canzawa. Ba a haɗa kulorin a bokitin ƙarfe.

Ruwa mai laka na cinye kulorin yana kuma ɓoye ƙwayoyi. In gurɓacewarsa ta wuce 5 a ma'aunin NTU, a fara kwantar da shi da alam ko garin 'ya'yan zogale, a tsiyaye na sama, sannan a sa kulorin. Tata da tsohon zanen auduga da aka ninka huɗu ko fiye na kama halittun da ƙwayar ke maƙale a jikinsu. A ƙauyukan Matlab na Bangladesh, binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna hakan ya rage kwalara da kusan rabi. Rabi ne, don haka tata ba ta maye gurbin kulorin ko tafasawa. A wanke zanen a shanya a rana bayan kowace tata. A gida, ruwa ya koma jarka mai ƙaramin baki ko randa mai famfo, a wanke randa da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.2 cikin ɗari, na wanke hannu kuma 0.05. Amai da bayan gidan mai ciwo ana zuba musu mai kashi 2 kafin a zubar a masai.

Duk wanda gudawa ta kama a fara ba shi ORS tun a gida. In babu, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana hanyar asibiti. Wanda idonsa ya faɗa, fatarsa in an tsunkula ba ta komawa da sauri, ko ya kasa sha, ƙarin ruwa ta jijiya yake buƙata cikin gaggawa. A sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma a ranar, ko a kira NCDC a lambar kyauta ta 6232. Bayan mako ɗaya ko biyu a koma wuraren da aka ɗiba a sake ɗiba da lambobin da aka ba su tun farko, a kuma sake yi da rani lokacin da babu ciwo, domin a san irin Vibrio da ke zaune a ruwan yankin a kullum, a iya gane baƙuwa idan ta shigo.